Ƙyallen Buhun Taki a Jirgin Baba

Shekarar da Baba da Kawu, ƙanin Inna, suka gama haɗa sabon kwale-kwale a ƙofar gidanmu, ita ce shekarar da kafaɗar Baba ta fara ciwo. Jirgi ya yi kyau, an toshe shi da kwalta, amma in Baba ya tuƙa shi da filafili zuwa inda yake zuba raga a dam ɗin Tiga, sai ya dawo hannu a sandare. Inna ta ce ya haƙura da ruwa, ya tsaya ga tumatirinsa. Kwana uku yana zama kusa da jirgin yana shafa katakon.

Ina hutun makaranta a lokacin. Ban iya kamun kifi ba, ban kuma iya magana a gaban manya ba, amma na taɓa ganin hoton jirgin da iska take turawa a wani littafi. Sai da na cika shafi takwas da zane kafin na iya kai masa.

"Baba, in aka kafa gora a nan aka ɗaura ƙyalle, iska ce za ta yi tuƙin."

Ya juya takardar sama da ƙasa. "Ita iskar kun yi magana, ta yarda?"

Kawu ya kwashe da dariya. "Yaya, bar malamin ya gwada. In ya ƙi tafiya, mun samu inuwa."

Buhun taki shida muka farke muka wanke, Inna ta ɗinke su da basilla tana mita. Safiya uku ina tsayawa a bakin ruwa da tsumma a kan kara, ina rubuta inda iska take dosa. Na kafa gora a tsaye, wata a gicciye, na ɗaure kusurwa huɗu tam, kowane ƙulli sau biyu. A takarda kuwa na ja layi da rula daga bakin ruwa zuwa wurin raga.

Ranar gwaji muka shiga mu uku. Ƙyalle ya cika, jirgi ya zabura. Wani masunci ya ɗaga murya daga nesa: "Alhaji, shanyar wa ka kwaso?" Baba ya harɗe hannu yana dariya har da hawaye.

Can tsakiya sai dariyar ta ɗauke.

"Kai, juya shi. Dama!" in ji Baba.

Babu abin da zai juya, na ɗaure komai. Baba ya zaro wuƙa ya datse igiyoyina, ƙyalle ya rufto a kan Kawu. Ya ɗauki filafili da wannan kafaɗar, ya yi dogon kewaye, alhali ban ga komai a wurin ba sai ruwa.

Da muka fito Kawu ya ja ni gefe. Ya ce maƙabartar tsohon garinmu ce a ƙasan wurin, mahaifiyar Baba tana ciki. Tun da ruwa ya ci garin babu ɗan garinmu da yake bi ta kanta. Na san gari yana ƙarƙashin dam, amma ban taɓa tambayar ina ne ina ba.

Washegari na sami Baba, Inna tana gasa masa kafaɗa. Na durƙusa, da ƙyar na ce, "Baba, a nuna mini garin."

Ya dube ni, ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa: kasuwa, masallaci, marina, rijiyar unguwarsu, maƙabarta. Ya faɗa mini yadda yake gane kowanne, da wani dutse da wata tsamiya da ake hangowa a gaɓa. Inna ta ce ya sa marina ba daidai ba, suka yi ta musu ina kwafewa.

Na mayar da ƙyallen mai kusurwa uku. Gorar ƙasa muka saƙala ta da robar taya don ta riƙa juyawa, igiya ɗaya tak a hannun Baba, filafili kuma Kawu ya ɗaure shi a baya don karkata jirgi. Da yake jirgin yana zamewa gefe, na ce a fara juyawa tun daga kasuwa.

Bayan sati muka koma. Da muka daidaita da tsamiyar, Baba ya ce, "Mun shigo kasuwa," ya ja igiya. Jirgi ya kwanta kaɗan, ya ɗauki dama a hankali. Da muka zo gefen maƙabarta ya miƙa mini igiyar, ya ɗaga hannu biyu ya yi musu addu'a, ya shafa.

"Da can da baki kawai nake yi, hannu yana kan tuƙi," in ji shi. "Kawo igiyata. Gobe ni kaɗai zan zo, kun cika nauyi."