Fanshon Baba da Idonsa na Dama

Ko zan manta da komai na zamana a Riyad, ba zan manta da makon da na ɓoye wa mahaifina fasfonsa ba.

Lokacin ina aikin jinya, ina zaune a unguwar Al-Suwaidi da maigidana da 'ya'yanmu. Baba tsohon hedimasta ne, shekara talatin da biyar yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Na kawo shi aka yi masa aiki a idon dama, likita kuma ya gargaɗe mu cewa an sa wata iska a cikin idon, kada ya kuskura ya hau jirgi sai bayan wata biyu. "Mamnu'!" in ji shi da Larabci, wato an hana, yana kaɗa yatsa. In ya hau, idon zai iya tafiya gaba ɗaya.

Kwana tara da yin aikin, ƙanwata ta kira daga gida. Wai takarda ta zo daga ofishin fansho: ashe 'yan fansho suna da sassaucin haraji, Baba bai taɓa nema ba, shekara da shekaru ana yankar masa abin da bai kamata ba. Yanzu an ce kowa ya zo da kansa a tantance shi cikin mako biyu. Ta ƙara da cewa ta ji ana faɗa, wanda bai zo ba za a ɗauka ya rasu, a cire sunansa.

Baba yana kusa, ya ji komai. Ya miƙe da bandeji a ido ya ce, "Nemo min tikiti."

"Baba, ka ji abin da likita ya ce."

"Na ji. Ki nemo min tikiti."

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Wai nawa ne fanshon nan? Ni zan riƙa ba ka ninkinsa." Bai yi faɗa ba. Ya dube ni da idon nan guda ya ce, "'Yar nan, naki kyauta ce. Wancan gumina ne. Kuma ina raye ba za a rubuta ni cikin matattu ba."

Da ya shiga banɗaki na zare fasfon daga jakarsa na tura ƙarƙashin buhun shinkafa. Kwana uku yana nema, ina taya shi nema. Ya daina cin abinci sosai. A wurin aiki sai in tsaya da allura a hannu ina tunanin ko ya samu wanda zai kai shi filin jirgi.

Wata babbar nas 'yar ƙasarmu ta ga yadda na koma, ta tsare ni a ɗakin shan shayi. Da na ba ta labari sai ta ce, "Ke kin karanta takardar da idonki?" Na ce a'a. Duk tashin hankalin nan, a kan abin da aka faɗa mana a waya muke yi.

Nan take na sa ƙanwata ta turo hoton takardar, gaba da baya. A bayan, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa marar lafiya ko wanda ke ƙasar waje zai iya aiko da shaidar likita da shaidar yana raye daga ofishin jakadanci. Maganar cire suna kuwa babu ita ko'ina.

Washegari da safe na ciro fasfon, duk ƙurar shinkafa, na durƙusa na miƙa masa, na gaya masa abin da ke bayan takardar. Ya jujjuya shi ya ce, "Na san yana wurinki tun ranar farko. So nake in ga yaushe za ki gaya min gaskiya." Na fashe da kuka. Ya ce, "Tashi, mu je ofishin jakadancin a buga mana hatimi."

An karɓi takardun, aka daina yankar harajin, idon kuma ya warke. Da kuɗin farko da suka shigo cikakku ya saya wa 'ya'yana takalman makaranta, ya hana ni ƙara ko riyal ɗaya.

Tun daga lokacin ba na tayar da hankali a kan takardar da ban karanta har ƙarshe ba. Kuma ban sake auna haƙƙin tsoho da abin da ke aljihuna ba, domin na gane ba yawan kuɗin yake karewa ba, mutuncinsa ne.