Bel ɗin da Baba Isufu ya ce in sauya

Da hantsin ranar Alhamis ina tsaye a ƙofar gidan likita na Dungas, na hango amalanken shanu yana tahowa daga yamma. Malam Habu, ƙanin Baba Isufu, shi ke jan shanun. Tun daga nesa na ga tabarmar da muka shimfiɗa wa Baba an naɗe ta an ajiye gefe. Da ya iso ya yi sallama, ya ce, “Likita, Yaya ya cika jiya da la'asar, ba mu kai Magarya ba. Mutanen wani ƙauye suka taimaka mana muka sa shi a makwancinsa.”

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce masa Allah ya jiƙansa. Motata tana bayana a ƙarƙashin itacen bedi, kwana biyar ke nan ba ta motsa ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Isufu makaniki ne a Magarya. Ya fara da gyaran kamiyo, manyan motocin ɗaukar gyaɗa, tun zamanin Faransa, ya tsufa da man inji a farcensa. Ni kuwa anfirmiye ne, wato ma'aikacin jinya, a Dungas, ko da yake kowa likita yake ce mini. Abin da ya haɗa mu wata ƙaramar mota ce da wata Baturiya ungozoma ta bar mini lokacin da za ta koma ƙasarsu, bayan shekarun fari. Tsohuwa ce tun a lokacin. Amma in ba ranar kasuwa ba, ita kaɗai ce mota a duk yankinmu. Ita ke kai mai naƙudar da ta gagara, ita ke kai wanda maciji ya sara. Saboda haka Baba bai taɓa kiranta motar likita ba. Motar mutane yake ce mata.

Ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki. In ka kawo mota, kafin ya taɓa komai sai ya ce a tayar da ita, ya kafa doguwar sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya rufe ido. Yakan zolaye ni da cewa, “Kai kana sauraren ƙirji, ni ma haka. Sai dai nawa marasa lafiyar ba su yi mini ƙarya.” Ko ƙusa ɗaya ya kwance sai ya wanke ta a kananzir ya jera a kan tsumma. In lokacin salla ya yi, ko inji na rataye a sama, sai ya sa toka da sabulu ya wanke hannu ya tafi masallaci.

Ranar farko da na kai masa motar ya buɗe wani murfi a gaban inji, ya nuna mini wani bel na roba mai haƙora. Ya ce sauran motocin da ya saba da su sarƙa ce a nan, sarƙa kuwa in ta gaji sai ta yi ta ƙara har ta ishe ka. “Wannan ba ya tari, ba ya zazzaɓi, Likita. Yau lafiya lau, gobe ya tsinke. In ya tsinke kuma ƙarafan cikin inji karo suke yi da juna, injin ya tashi aiki.” Agogon da ke ƙirga kilomita ya daɗe da mutuwa, don haka da ya sa sabon bel, sai ya ɗauki ƙusa ya ce zai riƙa ƙirga mana da damina. Duk shekara in ruwa ya ɗauke, sai ya ja layi ɗaya a cikin murfin inji. Ya ce da zafin ƙasarmu da yashinta, layi huɗu ya isa. “Ranar da na ja na huɗu, ko yana sheƙi, fita zai yi.”

Bara da kaka ya ja na huɗu. Ya sa wani direba ya sayo masa sabon bel daga Kano, ya ce in kawo motar ta kwana biyu a garajinsa.

A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ni ɗan manomi ne. A gidanmu ba a jefar da igiyar guga sai ta tsinke, in ta tsinke ma ƙullawa ake yi a ci gaba da jan ruwa. Na taɓa ganin bel ɗin fanka ya tsinke wa wani kamiyo, direba ya murɗa igiyar fata ya ɗaura, muka isa gida lafiya. Duk bayanin da Baba ya yi mini na ji shi da kunne, amma a zuciyata haka nake kallon wannan ma. Na buɗe murfin da kaina na duba. Baƙi wuluk, ba tsagewa, haƙoransa cif. Na ce tsoho dai ya cika tsoro.

Uzuri kuma ba ya ƙarewa. Da sanyi ƙyanda ta shigo, na ce bari ta lafa. Da bazara sanƙarau. Da damina hanya ta ɓaci, zazzaɓi ya cika mini rumfa. Wasu uzurorin na gaskiya ne, wasu kuwa ƙyuya ce kawai na sa mata farar riga. Duk sa'ad da na kai maras lafiya Magarya nakan biya in gaishe shi, shi kuma yakan tambaye ni.

“Likita, yau ka bar mini ita?”

“Baba, a yi haƙuri sai wani zuwan. Ai na duba shi, garau yake.”

“Ka duba da ido. Ni shekarunsa nake dubawa. Ka sauya shi ranar da kai ka zaɓa, kada ka bari shi ya zaɓa maka.”

Na yi dariya, na ce to. Bai yi dariya ba, amma bai yi fushi ba. Ya cika mini ruwa a lagireto, ya rage iskar tayoyi saboda yashi, ya ce in gaida gida.

Ranar Asabar da ta wuce, ina dawowa ni kaɗai daga wani ƙauye, motar ta yi wata 'yar ƙara ta mutu. Ba hayaƙi, ba wari. Shanu suka jawo ta zuwa Dungas. Na yi niyyar aika wa Baba, kunya ta hana ni.

Ranar Talata da azahar Malam Habu ya zo a kan doki. Ashe Baba ya zo ƙauyensu girbin gero, tafiyar awa ɗaya daga wurinmu. Ya ɗaga dami, ƙabar da ya daɗe yana fama da ita ta fito ta murɗe. Malam Habu ya ce in zo da mota. Na ɗauki jakata na hau bayansa.

Na sami Baba kwance a zaure, gumi ya jiƙa rigarsa, yana amai. Na gwada mayar da ita ta ƙi. Na san aiki take so, kuma aikin sai babban asibitin Damagaram. Na san kuma awoyi ake ƙirgawa. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, bai ji ƙarar mota ba.

“Ya tsinke ko?”

“Ya tsinke, Baba.”

“Da maras lafiya a ciki?”

“A'a, ni kaɗai ne.”

“To alhamdu lillahi,” in ji shi. Iyakar abin da ya faɗa a kan maganar ke nan.

Na yi masa allurar rage ciwo, muka shimfiɗa tabarma a amalanke, suka kama hanyar Magarya ko za a samu mota a can. Ni na koma Dungas neman kamiyo, in na samu in bi su. Na zaga garin nan kaf, ba ko ɗaya. Da motata na lafiya, da kafin magariba muna Damagaram.

Na san ajali ba ya jira, kuma na yi imani da haka. Malamai sun faɗa mini, Malam Habu ma ya faɗa mini. Amma na yi aikin nan shekara goma sha biyu, na ga masu irin ciwonsa da aka kai da wuri sun dawo da ƙafafunsu. Wannan sanin ya zauna mini a ƙirji, kuma ban ga ranar da zai tashi ba.

Da na je gaisuwa, Inna Hajara, matarsa, ta sa aka kira ni ƙofar ɗaki. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, ina jiran ko wace irin magana ce in ɗauka. Ta turo mini wata jakar fata. A ciki akwai sufana uku da sabon bel, naɗe cikin tsumma mai tsabta.

“Shekara guda yana ajiye da shi cikin tulu don kada zafi ya taɓa shi,” in ji ta. “Ya ce in an gama girbi zai biyo ta wurinka ya sa maka da kansa, tunda kai aiki ya yi maka yawa. Ka riƙe, ɗana. Naka ne.”

Ya Allah, ga bawanka Isufu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Duk wanda motar nan ta taɓa kaiwa ya rayu, ka sa ladan a mizaninsa, domin hannunsa ne ya riƙe ta. Ka ba Inna Hajara da 'ya'yansa da Malam Habu haƙurin rashinsa, ka rufa musu asiri, ka zama gatansu. Ni kuma da ya yi wa uzuri har a bayan idona, ka yafe mini kwana biyun da na hana shi. Amin.