Baba Ishiyaku, Mai Binciken Asalin Mota

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Yelwa a Mubi da sassafe ya san Baba Ishiyaku bakanike. Kafin masu Keke Napep su fito ya riga ya share bakin garejinsa, ya sha kununsa a tsaye, ya shimfiɗa buhu a ƙasa. Daga nan kuma sai dai ka gaisa da ƙafafunsa, don sauran jikin yana ƙarƙashin mota. Shekara arba'in da biyu yana wannan aiki, sai bana da ciwon baya ya ce ya isa haka.

Sana'arsa ita ce ɗora wa tsohuwar mota inji mai ƙarfi. Ɗora injin ba shi ne abin mamaki ba, kanikawa da yawa sun iya. Inda Baba ya yi musu zarra shi ne zaɓen motar da za ta iya ɗaukar ƙarfin. Shi bai san fenti ba. Tambayarsa kullum ita ce wa ya tuƙa ta, me ta ɗauka, a ina take kwana, kamar dattijon da aka aika binciken asali kafin aure. Wasu har haushinsa suke ji. Ku tambayi Kwaji.

Kwaji direba ne ɗan Bahuli, shekara da shekaru yana ja wa wasu mota. Rannan ya rufe ido ya sayar da shanun huɗar gidansu guda biyu, ya sayo inji ɗan Beljiyam mai silinda shida, ya rage abin da zai sayi bodi. Burinsa ya riƙa ɗaukar mutanen ƙauyensu da hatsinsu zuwa kasuwar Mubi, ko da damina. Idan aikin ya lalace, to ba shanu ba mota. Wani dillali ya samo masa mota fara sol, tana ta sheƙi, ya jawo ta gareji baki har kunne.

Baba ya shige ƙarƙashinta da 'yar guduma. Ya ƙwanƙwasa shasi, wato ƙashin bayan motar, ya kasa kunne, ya kankare kwaltar da aka shafa. Sai ga walda har wuri uku.

"Wannan jarkokin mai ta sha ɗauka a hanyar dutse," in ji shi. "Bayanta ya karye an ɗinke. Ka sa mata wannan injin, wata rana gaba ya tafi ya bar baya. Ban yi."

"Haba Baba! Akwai wanda ya ce zai gama min cikin kwana uku."

"To, ga hanya nan, ɗana. Amma ba da hannuna ba."

Kwaji ya tafi a fusace, ya kwana biyu yana saƙa da warwara, sannan ya dawo. Baba bai tayar da zancen ba, ya ce masa hau babur. Suka nufi Kolere, gidan wata tsohuwar shugabar makaranta, Malama Salome. Can bayan gida ga wata Fijo doguwa a kan duwatsu, ƙarƙashin rumfar kwano, ba taya, kaji sun mai da ita gidansu. Kwaji ya riƙe baki.

"Baba, wannan akurkin?"

"Shekara ashirin ina duba ta. Daga makaranta sai coci, ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi littattafai nauyi ba, ruwa bai taɓa kwana a kanta ba. Ji nan." Ya buga guduma, ƙarfen ya amsa tangaran.

Ranar da Kwaji ya saye ta aka jawo ta cikin gari an sha dariya. Abokan Kwaji a tasha suka riƙa tambayarsa nawa ƙwai yau. Abin da ya fi ƙona masa rai, an ɗora inji tun sati na uku, mota tana ruri, amma Baba ya hana makulli. Wai sai ya canza birki ya sa manya, ya ƙara sifirin, ya sa lagireto babba. Damina ta yi nisa, wasu direbobi suna ta kwasar fasinja, shi yana zaune a kan benci. Ya yi roƙo, ya yi fushi, ya aiko da dattawa. Amsar ɗaya ce: "Na ba ta ƙarfin gudu, ban gama ba ta ƙarfin tsayawa ba."

Kai ne wannan, Baba Ishiyaku. Gagara gasa! Ka gwammace a kira ka mai taurin kai da a ce motar da ta fita daga hannunka ta ci mutum. Wallahi muna alfahari da kai.

Sati biyu da karɓar mota, cikin watan Agusta, Kwaji ya taso daga Bahuli da mutum takwas da buhunan masara. Yana gangarowa wani tudu, ya sha kwana, sai ya ga babu hanya. Ruwan da aka yi a kan duwatsu ya cika mayo, wato rafi, ya tafi da kwalbatin. Mata suka sa ihu, wasu na salati, wasu na kiran Yesu. Ya danne birki da dukkan ƙarfinsa. Motar ta ja ƙasa, ta yi ƙugi, ta tsaya cak. Tsakanin tayar gaba da bakin ramin bai fi taku uku ba.

Washegari ya zo gareji ya durƙusa a gaban Baba. Baba ya riga ya ji labarin a bakin wani, sai ya ce, "Alhamdulillahi. Ta ja gefe da ka taka?" Ya ɗauki sifana ya tafi duba birkin.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka lafiyar bayan nan, Ya sa ka huta cikin rufin asiri. Ku kuma kanikawan da ke tasowa, ƙarfin inji a kasuwa ake sayensa, amma ce wa mai mota a'a yana tsaye a kanka yana huci, wannan sai an koya. Ku je ku koya tun mai shi yana raye.

A taron sallamar da 'yan tasha suka shirya wa Baba, aka ce Kwaji ya yi jawabi. Ya miƙe ya daɗe yana murza hularsa.

"Ni ban iya magana ba," ya ce. "Mu tara ne a motar ranar nan. Na zagi mutumin nan a zuciyata wata biyu cur. Baba, ka yafe min. Dukkanmu mun koma gida da ƙafafunmu."