Takalman Ƙofar Ƙanena

Mun tashi daga Bakura a motar haya ana sallame sallar asuba, ni da maƙwabcina malamin asibiti, da na'urarsa ta awon jini a jaka. Maradun muka nufa, dubiyar ƙanena. Shi aka naɗa Sarkin Fawa bayan rasuwar mahaifinmu, aka tsallake ni, na kwashe wuƙaƙena na bar garin. Shekara goma sha ɗaya ban taka gidansa ba, sai yanzu da ɓarin jikinsa ya shanye.

Hanya ta ci taya, direba kuwa kamar da ramukan yake gaba. A Talata Mafara muka sauka shan koko da ƙosai, ƙosan ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba. Na leƙa teburan mahauta, na ga naman bai kai nawa ba, na ji sanyi. A nan malamin ya yi mini bayanin ciwon ƙanena: idan mutum kullum yana cikin takurar jama'a, wannan ya zage shi, wancan ya kai ƙararsa, jiki ba ya sauka daga shirin faɗa. Jini ya yi ta hawa, ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa su yi ta galabaita, har ɗaya ta toshe ko ta fashe. Ba zan ɓoye ba, a raina na ce ai shi ya so rawani.

Da hantsi muka shiga Maradun. Takalman 'yan dubiya na fara gani, sun cika ƙofar zaure har sun malalo waje. Kishi ya turnuƙe ni. Ko a kwance ya fi ni jama'a. Da ni ne, takalmi nawa zai taru?

Ƙanena, wanda a da in ya kama gaisuwa sai ya tambayi har awakinka, yanzu "lahiya" kaɗai ke fita, ita ma a karkace. Malamin ya auna shi, sannan ya ce in miƙo hannuna tunda an zo. Ya auna, ya sake aunawa, ya cire tabarau. Jinina ya fi na majinyacin hawa.

"Shi dai mahauta ka damunshi," in ji malamin. "Kai wa ka damunka haka?"

Sai ƙanena ya kamo rigata da hannun da ke motsi, ya yi ta kokawa da harshe, da ƙyar ya haɗa: "Yaya... kai... ka huta."

Ashe shi ma ni yake hange.

Mun iso Bakura kafin magariba, da ƙwayoyin hawan jini a aljihuna. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da sarautar nan a ka, ba tare da rawanin ba. Takalman har yanzu suna faɗo mini a rai. Amma ranar Juma'a zan koma, in ƙara nawa a ciki.