Kadan da Aka Ce Ba Ya Girma

Duk wanda ya bi ta bayan unguwarmu a Bungudu tsakanin hantsi da faɗuwar rana zai ga wani tsoho zaune ƙarƙashin gawo a bakin kududdufi, da doguwar gora a gicciye bisa cinyarsa. Yara na ce masa Baba Mai Gora. Manya in sun wuce sai su girgiza kai su ce Allah ya sawwaƙe. Sunansa Halliru. Ɗan kawuna ne, taubashina, katanga ɗaya ta raba gidansa da nawa. Tun muna yawo ba takalmi nake tsokanarsa, har muka yi furfura ban gaji ba. Yanzu na daina, kuma da dalili.

Halliru masinja ne a sakatariyar ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Ba ya shan taba, ba ya zaman banza, goro ma sai an ba shi. Cutarsa ɗaya ce, ido. In ya ga abu a hannun mai talla, mai tallan kuma ya iya baki, to an gama da shi. Ya taɓa sayo agogon bango mai kiran salla da ke kiran azahar da hantsi. Ya sayo takalman ruwa duka biyun na ƙafar hagu. Matarsa Yelwa har lungu ta ware wa irin waɗannan kaya. Ni kuwa da na ji sallamarsa daga Gusau sai in leƙa ta katanga in ce, "Yau kuma mi anka liƙa ma?" Sai ya ce, "Hajjo, baƙin cikinki shi ad da kashe ki." Mu yi dariya, a wuce wurin.

Shekara bakwai ke nan aka kira 'yan fansho tantancewa a Gusau. Ya gama da wuri, ya tsaya jiran mota kusa da wani shagon tsuntsaye. Akwai aku, akwai tantabaru da zomaye, har da kunkuru. A ƙasan tebur kuma, cikin bahon roba, 'ya'yan kada ne guda uku, kowanne bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Mai shagon, wani Jibo, ya ga inda idon tsoho ya tsaya.

"Baba, wanga ba kadan gulbi na ba," in ji Jibo. "Na gida na. Gwargwadon mazubi shika girma. In ka aje shi cikin baho, iyakatai baho. Kuma gidan da ad da shi, sammu ba ya kamawa."

Halliru ya tambaya ko yana cizo.

"Ina. Kullum in za ka ba shi abinci, ka ƙwanƙwasa mai kwano tukuna. Sati biyu ya san ka kamar kyanwa."

Haka ya shigo da shi gida cikin kwalin taliya da aka huda wa ramuka. Yelwa ta leƙa kwalin sau ɗaya. Ta je ta ɗauki Salma, jikarsu da aka kawo musu yaye a watan, ta goya ta, ta ɗaure majanyi da ƙarfi. Ni dariya na yi har da hawaye. Na ce wasu na dawowa daga birni da atamfa, taubashina ya dawo da ƙadangare mai haƙora.

Gaskiya ɗan abin yana da ban sha'awa a lokacin. Halliru na ce masa mutumina. Kowace safiya zai tsuguna bakin bahon da tasa da cokali, ya buga sau uku, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sai ka ga ɗan kan ya taso. Da fara aka soma ciyar da shi, aka koma kayan cikin kaji. A nan dai Jibo bai yi ƙarya ba. Da ya ji ƙarar tasa zai taho, ko wa ya buga ta.

Kafin shekara wutsiyarsa ta fara lanƙwasa a cikin bahon. Halliru ya tausaya masa ya mayar da shi rabin duro. Wata shida kuma duron ya yi kaɗan. Ya koma Gusau neman bayani, ya tarar shagon ya zama na cajin waya, aka ce mai tsuntsaye ya koma Tsafe. Ya bi shi har can, ya same shi a gefen kasuwa da kwandon tantabaru.

"Ka canza mai mazubi?" in ji Jibo. "To ai kai ka ɓata lamari, Baba. Yanzu sai ka rage mai ci. Sau ɗaya a sati, girman shina tsayawa."

Halliru ya dawo yana zargin kansa, ya kuwa bi shawarar. Girma bai tsaya ba, sai yunwa da ta ƙaru. Wata rana kazar Yelwa ta hau bakin duron shan ruwa, gashinta kawai aka gani. Aka gina masa kwami na siminti a bayan ɗaki, aka rufe da raga. A shekara ta uku ya kusa kamu uku, kuma ya daina kama da abin wasa. In ka leƙa, ba ya motsi, kallonka kawai yake yi. Halliru ya fito wata safiya da yatsa a naɗe da tsumma ya ce ƙofa ce ta datse shi. Na ce lallai ƙofar gidanku ta yi haƙora. Bai yi dariya ba.

Yelwa ta gaji. Salma ta kai shekara biyar, ba inda ba ta leƙawa. Ta ce masa ya zaɓa, ko abin nan ya bar gidan ko ta mayar da yarinya wurin uwarta. Ya ce ya ji, zai nemo masunta su kai shi gulbi, amma a bari damina ta wuce. Ni na san shi. Kunya ce ke cinsa, ba ya son gari ya ji cewa an sake yi masa wayo.

Damina ba ta jira shi ba. A watan takwas aka wuni ana ruwa, katangar bayan gidansa ta zube bisa kwamin. Da gari ya waye ragar na gefe, kwamin cike da laka, babu kowa ciki. Ni na fara ganin sawun, don ta bayan gidana ya bi. Jan ciki ne mai faɗi, da zanen wutsiya a tsakiya, ya miƙe ɗoɗar har kududdufi.

Wannan kududdufin tun kakanninmu ake haƙar ƙasar gini a cikinsa, yana da zurfi, ko da bazara ba ya ƙafewa. Famfon unguwarmu kuwa ya fi kwana a lalace. Can 'yan mata ke zuwa wanke-wanke safe da yamma, can ake wanki, can ake shayar da awaki.

Kwana uku Halliru ya yi bai faɗa wa kowa ba. Na shiga har ɗakinsa na ce, "Ko ka tahi wurin mai unguwa da ƙahwakka, ko in tahi da tawa." Ya tafi. Aka kirawo masunta da sarkin ruwansu, suka yi kwana biyu suna jan koma. Tarwaɗa suka kama da wani tsohon bokiti. Sarkin ruwa ya ce ambaliya ta bi da shi kwari zuwa gulbi. Kowa ya ji daɗin wannan magana, don ita ake son ji. Bayan sati guda kwanuka suka koma bakin ruwa.

Halliru ma ya so ya yarda, amma zuciyarsa ta ƙi. Bayan kaka, wata safiya da hantsi bai ɗaga ba, na gan shi ya fita da tsohuwar tasar nan da cokali. Na yafa mayafi na bi shi, niyyata in samu abin tsokana na wata guda. Ba kowa a bakin ruwan. Ya tsuguna ya buga sau uku. Shiru. Na buɗe baki ke nan zan yi magana, sai ruwan gefen ciyawa ya rabu. Idanu biyu da ɗan tudun hanci suka taso, suka nufo mu a hankali, ba fantsama ba ƙara. Da ya rage kamar taku goma sai suka nutse.

Muna tsaye a wurin, sai muka ji su daga hanyar unguwa. 'Yan mata ne tafe da kwanukan tuwon jiya a ka, suna hira, tasoshi na bugun juna.

"Hajjo," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "kin ji abin da na koya mai?"

Na ji. Tsoro irin na ranar ban taɓa jinsa ba, ko ranar da aka ce mini maigidana ya rasu.

Muka kori 'yan matan, muka sake tara mutane. Halliru ya buga tasa gaban jama'a har hannunsa ya gaji, ko kumfa ba ta taso ba. Masunta suka ce kada ba wawa ba ne, in yana nan ba zai fito cikin hayaniya ba, amma su dai ba su ga alama ba. Na rantse na ce da idona na gani. Sai wani ya yi dariya ya ce, "Hajjo da Halliru kuma? Wasan taubasai na, tana ƙara zuga shi." Dariya ta zagaye wurin. Shekara sittin ina ƙulla masa sharri don raha, ranar da na faɗi gaskiya a kansa ba wanda ya saya. Wannan ya ƙona mini rai, har yau yana ƙona mini.

Washegari ya yanko gora ya je ya zauna ƙarƙashin gawon. Yau shekara huɗu. Ba ya barin kowace yarinya ta tsuguna bakin ruwa da kwano. Shi ke jefa guga mai doguwar igiya ya ɗebo musu, su yi wanke-wankensu can nesa a kan tudu. Wasu iyayen na gode masa, wasu na aiko masa da baƙar magana, wai yana ɓata wa 'ya'yansu lokaci. Ba ya ramawa. Ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan yake sallolin rana, a nan Yelwa ke aiko masa da fura. Ranar Juma'a sahun baya yake tsayawa, ana sallamewa ya kamo hanya. Ya daina zuwa biki, ya daina zuwa Gusau. Tun ranar bai sake sayen ko allura ba.

Agwagin unguwa na raguwa, ana cewa ɓarayi ne. Wani ɗan akuya ya ɓata bara, aka ce kare ne. Salma ta shekara tara yanzu, an hana ta zuwa wurin, amma yarinya ce, inda ƙawayenta suka nufa can ranta yake.

Makon jiya da na kai masa kunu ya ce in zo in ga wani abu. A cikin taɓo, inda ruwa ya ja baya, akwai sawun ƙafa guda ɗaya, sabo. Ya durƙusa ya sa tafin hannunsa a ciki. Hannun bai cika shi ba. Ya ɗago ya ce, "Baho anka ce min, Hajjo." Da zai tashi sai da na kama shi, jikinsa zafi rau.

Shekaranjiya zazzaɓin ya kayar da shi. Da safe ina jin muryarsa ta katanga yana cewa a miƙo masa gorarsa, Yelwa na lallashinsa ya kwanta. Can kuma na ji maƙwabciyarmu na ce wa 'yarta ta yi maza ta kai kwanuka tun da tsohon nan ba ya nan yau, a huta da jan guga. Sai na ji wata 'yar murya daga zauren Halliru tana cewa, "Ku jira ni." Na san muryar.

Gwiwoyina sun daɗe da lalacewa, amma ban san lokacin da na shiga gidan na ɗauki gorar daga jikin bango ba. Na bi ta gajeriyar hanya na riga su. Na zauna inda yake zama, wurin har ya yi rami daidai jikinsa. Ruwan ya kwanta lumui, koren gansakuka ya rufe gefensa.

Suka ɓullo su shida, Salma a tsakiya, kwanuka na ƙara a kansu. Na ɗaga gorar na ce su tsaya nan, su dafe tasoshin kada su bugi juna. Suka fashe da dariya, suka ce yau Inna Hajjo ce mai gora. Ni kuwa idona na kan ciyawar gefen hagu. Babu iska ko kaɗan a safiyar, amma ciyawar tana rabuwa.