Orval Tveit da Kwamin Dawakinsa

Orval Tveit bai iya zama ba. Ko a coci ƙafarsa rawa take yi. Tun da ya sayar da shanu ya rage da dawaki biyu a gonarsa ta Dakota ta Arewa a Amurka, aikinsa na lokacin sanyi ɗaya ne: ya fita ya jona hitar da ke cikin kwamin dawakin don kada ruwa ya daskare, rana ta ɗaga ya koma ya cire. Wai kada wuta ta tafi a banza. Gaskiyar magana, fitar yake so.

Da santsin ƙanƙara ya kayar da shi ya bugu a ƙugu, 'yarsa Solveig ta zo da wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ta maƙala a shinge.

"Baba, in ta ji sanyi ta kunna hitar, in ta ji ɗumi ta kashe. Kai dai zauna. Ka sake faɗuwa, sai ka dawo gari wurina, a sayar da dawakin."

"Wannan abar ce za ta fi ni sanin sanyi?"

Ya zauna, in wannan sunansa zama. Ya sha kofi, ya leƙa taga, ya sake shan kofi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kayan wuta a waje, dusar ƙanƙara na zuba a kai. Shi da ko tsohuwar guduma ba ya bari ta kwana a fili! Ya lallaɓa ya ciro na'urar, ya ja waya, ya kai ta ɗakin famfo, inda fitila ke ci don kada bututu ya fashe.

Na'ura ta ji ɗumi ta yi kwanciyarta. Kwami ya daskare kamar dutse.

Da Solveig ta dawo, ta tarar da shi da gatari yana saran ƙanƙara, dawaki a bayansa suna jira da ƙishirwa. Ta bi waya har ɗakin famfo, ta dawo riƙe da na'urar. Gabansa ya faɗi. Shi ke nan, sai gari.

"Tausayinta na ji," ya ce a hankali.

Ta daɗe tana kallonsa: gumi a goshi, fuska a sake, rabonta da ganinsa haka tun kafin ya faɗi. Ta mayar da na'urar shinge.

"Ita ce mai kunnawa. Amma ba ta da ido, Baba. Dole wani ya riƙa fitowa kullum yana duba ta."

Ya gyara hularsa. "Ai dama na faɗa miki ba ta san aikinta ba."