Gara Da Ka Tsaya, Abba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran mahaifina, direban buɗaɗɗiyar tirela, wanda abokan aikinsa ke kira Tsaya-mu-duba. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Ya ɗauko rodi, ya yi tafiyar awa guda, ya sauka gefen titi yana ƙara tamke sarƙa kamar yadda ya saba, sai wata mota ta ƙwace wa mai ita ta same shi.

Abba, ka san ni ba mai magana ba ce. Baƙo ya yi sallama, ɗaki nake shigewa da littafina. Amma kwana bakwai ke nan ina jin magana ɗaya a bakin masu zuwa gaisuwa: "Da bai tsaya ba." Shi ya sa na ɗauki biro.

Su ba su san yadda kake ɗaure kaya ba, ni na sani. Tun da ƙananan rubutu suka fara yi maka gardama, ni ce mai karanta maka ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a bakin kowane bel na ɗaure kaya. Kakan shimfiɗa su a tsakar gida ka ce, "Uwata, ajiye littafin masoyan nan, zo ki gaya mini gaskiya." Ranar farko babbar lambar na karanto, ka girgiza kai. Ka ce waccan lambar tsinkewa ce, ƙaramar ita ce ta aiki, kilo dubu biyu da ɗari biyar, kuma da ita kaɗai ake ɗauri. Ka koya mini cewa ƙarfin abin ɗauri, in an haɗa shi duka, dole ya kai aƙalla rabin nauyin kayan. Kayan tan ashirin bel huɗu ya ishe su, kai kuma shida kake sawa. Sarƙa komai kaurinta, in ƙugiyarta ƙarama ce, da ƙarfin ƙugiyar kake aiki.

Bel ɗin da ƙyallensa ya goge, ko gefensa ya fara zarewa, wuƙa kake sa masa, ka yi gunduwa-gunduwa da shi don kada wani ya tsinta ya ɗaure kaya. Umma ta yi ta mita, wai ko igiyar shanya ka bar mata. Wani guntu shuɗi ni ka ba, da shi nake alamar shafi. Duk dawowarka sai ka duba inda guntun ya kai, ka ce, "Har yanzu bai aure ta ba? Wannan saurayi ya fi tirela a kan tudu nawa."

A littattafan nan samari suna rantsuwa za su ba da ransu saboda mace ɗaya, ni kuma in yi ta jiƙa filo da hawaye. Kai ban taɓa jin ka rantse ba. Sauka kake yi cikin rana, ka zaga tirela kana bugun kowane ɗauri da tafin hannu, saboda mutanen da ke bin ka a baya, waɗanda ko sunansu ba ka sani ba.

Shekaranjiya Baffa, ƙaninka, yana zaune a falo da Yaya, wanda zai ci gaba da tuƙa motar. Na kawo musu ruwa, na ji Baffa yana cewa, "Kai dai in ka ɗaure a gareji, taka motarka ka wuce. Tsantsenin nan ne ya kai mahaifinku gefen titi." Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baffa."

Wannan "to" ita ta tsorata ni. Na ajiye tiren ruwan na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ba haka ba ne. Rodi yakan zauna in an fara tafiya, sarƙa ta saki. Wanda ya je ɗauko motar ya ce biyu ya riga ya tamke, ta ukun kuwa har hannu na shiga ƙarƙashinta. Da bai tsaya ba, a kwanar gaba kan wa rodin zai sauka?"

Baffa ya dube ni ya ce, "Yau kuma 'yar littafi ce za ta koya mana tuƙi?"

Na ce, "Ba tuƙi ba, Baffa, ɗauri. Yayanka ne ya koya mini."

Umma ta ce in je in ba shi haƙuri. Na je na durƙusa na ba shi haƙurin sa baki a maganar manya, amma maganar ban janye ta ba, kuma ba zan janye ba. Kwananka ne ya ƙare, Abba. Tsayawar ba kuskure ba ce.

Yau da safe Yaya ya shimfiɗa bel a tsakar gida. Idonsa garau yake, amma ya ce, "Ke, ajiye littafin nan, zo ki karanta mini." Na karanta, na biyar ƙyallensa ya goge. Ya shiga ɗakinka ya ɗauko wuƙar. Na ce, "In ka yi tafiyar awa guda fa?" Ya ce, "Zan nemi wuri mai faɗi in tsaya. Daga nan zan kira ki."

Allah ya jiƙan ka, Abba, ya yalwata makwancinka, ya sa duk ran da ya wuce lafiya a bayan motarka ya zame maka nauyi a mizani. Umma, Allah ya sanyaya miki zuciya. Baffa, ni ma ina maka ta'aziyyar yayanka. Yaya, Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a inda za ka tsaya.